Matar da ke Gefenki a Hoto

Zuwa ga 'yata Ningrum,

Gaisuwa mai yawa daga Singafo. Yaya karatu a Jakarta? Kin leƙa garinmu Ponorogo kin duba ƙafar kakarki?

Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya ta rage jifana da kwano.

Na ga hotonmu na Sallah da kika ɗora a intanet. Kin yi kyau. Ƙawayenki sun tambaya wace ce 'yar ƙauyen da ke gefenki. Kin fara amsawa da harshenmu, sai kika karkata Turanci, yadda kuke yi in ba ku son tsofaffi su gane: "Tsohuwar 'yar aikinmu ce, tausayi take ba ni."

Kin ɗauka ba na ji. 'Yar nan, tun kina firamare ake zagina da Turanci.

Ki riƙa cin abinci, kin rame. Kada ki goge hoton, shi kaɗai gare mu tare. Allah ya ba ki 'ya mai jin Turanci kamarki.

'Yar aikinku,
Warsini