Muryar da Ke Zuwa Bayan Kwana Bakwai

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana takawa bakin ƙofa, sai mitar ka manta da ita.

Yaya, maganar manhajar karatun da muka tsara ce ta hana ni sukuni. Ka tuna ni na nace kada mu riƙa bin yara da maki da jan biro. Na ce kowane ɗalibi ya naɗi muryarsa yana faɗin abin da yake son koyo da dalilinsa, in ya yi kwana bakwai bai buɗe darasi ba, waya ta kunna masa muryar tasa. Har ka yi min dariya, ka ce malama ta gaji da faɗa ta samo mai yi mata. Dabarar ta yi aiki, amma ba mu taɓa tambayar kanmu ba: in ɗalibi ya tafi ba dawowa fa?

Akwai yarinyar ajina da muke kira 'Yar Tambaya. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta wata biyu da suka wuce. Da wayar mahaifinta take karatu, tela ne mai ciwon suga. Duk mako wayar takan yi magana a kan teburinsa, tsakanin almakashi da alli, yarinyar tana cewa so take ta iya karanta takardar maganin Babanta don kada ya sha ba daidai ba. Ranar da na ji da kunnena, nan take na aiko maka saƙo ka goge shafinta.

Jiya na je ba mahaifin nata haƙuri. Ya tsayar da keken ɗinki, ya ce sau ɗaya ya buɗe darasinta, har ya kama haruffa huɗu. Amma saboda ya buɗe darasin, a makon muryar ba ta zo ba, sai ya daina karatun don kada ya sake korar ta. Har yanzu da ka yake shan maganin, tunda bai iya karanta takardar ba.

Don Allah kada ka goge. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ka juya masa tsarin: duk ranar da ya gama darasi, muryarta ta yi magana.

Ka gaida matarka da yara. Inna da Gwaggo da Auta suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Ƙanwarka