Ruwan Fari da Hannun Hagu

Bodinga, daren Alhamis, Mayu 1983.

Yau ni na jawo wa kaina. Ruwan fari ya sauka da hantsi, ni kuma babban likita mai aji uku na elemantare, na ja sanda na zauna tsakar gida, wai ruwan fari maganin shanyewar ɓarin jiki ne. Kafin azahar hannun hagu ya dunƙule kamar na ɗan dambe, ƙafar ta ƙi ɗaguwa.

Abin haushi, zafin bazarar nan da nake ta zagi, shi ya fara sakar min yatsu. Malamin asibiti ya ce sanyi na ɗaure jijiya, in riƙa rufa. Na ji, na baro maganar can.

Ɗiyata Hajara ba ta yi faɗa ba. Ta ɗumama man kaɗe, ta lulluɓa min zanenta, tana buɗe yatsun ɗaya-ɗaya.

Na ce, "Ɗiyata, ƙyale shi, gardama garai, ubangida nai ya biyo."

Ta ce, "Baba, mi kaka so? In tsuhe nan ina murza?"

Muka yi dariya, sai ta kau da kai. An koma makarantarsu ta horon malamai tun makon jiya, akwatinta na bayan ƙofa. Ta rantse ba ta tafiya sai na ɗaure zariyar wandona da kaina, kuma shekaranjiya saura kaɗan in ɗaure.

Na ja ta baya da wautata. Gobe in rana ta fito zan zauna cikinta da wando a cinya, in yi ta gwadawa. Ƙulli ɗaya yarinyar nan ke bina, kuma yau ko zariyar ban iya kamawa ba.