Kuɓewar da ya ɗaura wa tsumma

Hajo,

Na fita kina barci, an sassauta dokar hana fita. Zan koma asibiti neman yayanki cikin waɗanda aka kwaso ranar da bama-bamai suka tashi. Jiya gado-gado na bi, ba ya nan. Yau ɗakin gawa suka ce in leƙa.

Kasuwa a rufe take. Ki tsinko zogalen bayan ɗaki ki kwaɗa wa yara, da sauran ƙuli a kwano. 'Yan garuwa ba sa shigowa, kowa ya yi alwala a gindin shuka.

Kuɓewar nan da yayanki ya ɗaura wa jan tsumma, ko yunwa za ta kashe mu kada ki taɓa. Iri ya bari, ya ce da kansa zai shuka.

Umma