Jan Fenti a Jikin Ɓaure

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran. Tela ne ke rubuta mini, na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara. Waya ba na jin ta yanzu, kunnen ya tafi.

Auta, mutanen kamfaninku sun shigo filin bayan gida. Sun kafa wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa, suna kakkafa turaku. An ce gidaje za a yi har bakin rafi. Wannan ban ce komai ba. Amma jiya sun zagaye ɓauren nan na bakin idon ruwa da jan fenti. Shi kaɗai, sauran itatuwan ba su taɓa su ba. Ni dai na san dabbar da mahauci ya shafa wa ja a kasuwa, wuƙa take jira. Tun jiya abinci ya ƙi shiga. Kai ne mai awon fili a wurinsu, ka roƙe su. Su ɗauki filin duka, su bar mini ɓauren.

Allah Ya yi maka albarka.
Innarka

Inna,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙonki ya iso. Ki kwantar da hankalinki. Gida ɗari biyu za a gina, kuma masu jiransu mutane ne irinmu, wasu su takwas a ɗaki ɗaya. Maganar ɓaure na riga na gama da ita a ofis tun watan jiya. Ki ci abinci, ki sha maganinki, kada ki taɓa komai a filin. Aiki ya yi mini yawa, in na zo zan yi miki bayani.

Ɗanki mai biyayya

Autana,

Ina gaishe ka. Yau mai kemis ce ke rubutawa, don Tela bakinsa ba ya riƙe magana, wannan kuwa ba ta kowa ba ce.

Ka ce ka gama da maganar. An karanta mini sau uku, ban ji inda ka ce ba za a sare ba. Haka likita ya ce mini in kwantar da hankali ranar da babanka ya tafi.

To bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Kafin yayanka na haifi wata 'ya. Kwana tara ta yi. A shekarar nan ruwa ya cinye hanya, ba a iya kai ta maƙabarta ba, babanka ya haƙa mata a gindin ɓauren, ya aza dutse. Kuna yara kuna zama a kan dutsen nan kuna wanke ƙafa, ni ina kallo, ban iya cewa ku tashi ba. Shekara hamsin kullum in na je ɗibar ruwa sai na ce mata sannu.

Ka yafe mini, na taɓa. Da rana tsaka, da suka tafi cin abinci, na ɗauki toka da soso da tsohuwar wuƙa. Kwana biyu ina kankarewa. Hannuna duk ya sale, amma ko ɗigon ja babu yanzu. Ya koma kamar sauran 'yan'uwansa, ba wanda zai gane shi. In kama ni za a yi, ka gaya mini da wuri in haɗa kayana.

Innarka

Ni mai kemis ina gaishe ka. Na ɗaure mata hannun. Jininta ya hau, ka zo.

Inna,

Ina gaisuwa. Duk mai karanta wannan, don Allah ya ɗaga murya.

Inna, jan fentin nan ni na sa a shafa. A aikinmu, wanda aka yi wa ja shi ne wanda za a bari. Wata uku ina rigima da manyana, har aka soke gida huɗu aka karkata titi don ɓauren da idon ruwan su tsira. An gaya wa mai katafila duk abin da ba shi da ja ya ture. Laraba zai fara, da sassafe, kuma daga wani gari aka ɗauko shi, ba ni da lambarsa.

Laifina ne. Layi ɗaya ya isa in gaya miki, na ce aiki ya yi yawa. Ga gwangwanin fenti da buroshi na ba direban motar safe. A mayar da shi yau, a zagaye sosai, daidai ƙirjin mutum. Ina nan tafe.

Ban san ina da yaya a can ba. Me kuka sa mata suna?

Ɗanki

Auta,

Sannu. Tela ne, yanzu ba abin ɓoyewa.

Fenti ya iso. Ban bari kowa ya shafa ba, ni na cire, ni na mayar. Mai katafila ya zo ya tsaya, ya duba, ya gaishe ni, ya kewaye. Sauran itatuwan duk suna ƙasa. Ban san filin yana da faɗi haka ba.

Fentin ya yi saura. Na shafa wa dutsen. Ragowar na shafa a ƙofar ɗakina.

Sunan, sai ka zo. A gindin ɓauren zan gaya maka, ta ji.

Innarka