Warin da ke Ƙarƙashin Kujerar Melita

Zuwa ga ƙanena Filokles, mai hidima a haikalin abin bautarmu Afollo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya da iyalinka, ƙafar nan kuma ta daina damunka. Marubucin kasuwa ke rubuta mini, na hana shi gyara mini magana.

Kukana dai wanda ka gaji da ji ne. Tun ranar da kuka raba ni da matata Melita, kuka ɗora ta a kujera mai ƙafa uku wai ita ce bakin Afollo mai faɗa wa mutane gaibu, nake gaya muku tsagar dutsen da ke ƙarƙashinta wari take fitarwa, irin na ruɓaɓɓen inabi. Akuyata ta taɓa shaƙar irinsa a bayan haikali, ta yi ta layi tana kumfa. Ba wanda ya durƙusa yana tambayarta makomar yaƙi. Kuka ce ni jahili ne, wannan numfashin Afollo ne. To, na ji. A gaida mini Melita.

Yayanka, Gorgos

Filokles,

Ina gaisuwa. Yaya kuka ji da girgizar ƙasa? Mu bangon garke kawai ya faɗi.

Mai sharar haikali ya shaida mini tsagar ta toshe, warin ya ɗauke, Melita ta hau kujera ta zauna garau, ba ta faɗi komai ba. Na zaci za ku dawo mini da ita, har na wanke tukunyarta, na shimfiɗa mata gado. Sai jiya na hango ta a marmaro kuna kwara mata ruwan sanyi. Ta rame kamar kara, koren yawu na zuba a haɓarta saboda ganyen da kuke tura mata a baki. Ashe da yunwa kuke barin ta, ku kulle ɗaki, ku turara mata wasu ƙwayoyi har ta yi amai, ku ɗauki kakarinta ku fassara wa baƙi. Tir da ku! Na kira sunanta, ba ta gane ni ba.

Kai ka ce numfashin Afollo ne. Ya ɗauke numfashinsa, ke nan ya sallame ta. Waye kuma yake riƙe da ita yanzu, shi ko kaskon wutarka?

Gobe zan zauna a ƙofar haikali da mayafinta a hannuna. Ko kai, ko babbanku, ko Afollon kansa, wani ya fito ya ba ni amsa.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Gorgos, mijin Melita