Wani baƙo yana neman zinariyar Baba da ban taɓa nuna wa kowa ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyun nan ko abinci ba na iya ci.

Kowa a gidanmu nan Garoua ya ɗauka kuɗin zinarin da Baba ke tarawa gwal ne kawai na narkawa, ba haka ba ne. Kuɗin gwaji ne, waɗanda ake bugawa 'yan kaɗan a duba zane kafin a fitar da na kashewa, akwai kalmar faransanci ƙarama a jikinsu da ke nuna haka. Tun yana fatauci yake bin su ɗaya ɗaya, ni yake sa wa in karanta masa rubutun.

Yanzu ciwon ɓarin jiki ya kwantar da shi, ba ya magana. Inna ta dame ni in kai ɗaya wajen maƙeri a yi wa ƙanwata 'yan kunne, na gaji da mita na kai. Maƙerin ya juya ta, ya ƙi narkawa, ya ɗauki hotonta wai zai tambaya.

Bayan kwanaki wani mutum ya tsayar da mota a ƙofarmu, ya gaishe ni da sunana, ya ce shi ba wadda na kai wa maƙeri yake so ba, mai hoton barewar da ta juya hagu yake so. Wallahi wannan tana ƙasan gwangwanin da Baba ke ajiye su, daga ni sai Baba muka san ta. Na ce babu, ya yi murmushi ya tambayi wane ɗaki tsoho ke kwana. Da na kwatanta wa Baba shi, sai ya damƙe hannuna yana hawaye.

Yayana ya ce a narke duka a huta, wai tsorona ya yi yawa. To in mutumin ya dawo aka ce an narke, zai yarda? Kuma da wane ido zan kalli Baba? Kun san yadda ake ɗauke mutane yanzu. In kai ƙara komisariya wajen 'yan sanda, ko hakan zai ƙara tona mu?

Ni dai gobe zan ɗauki Baba da gwangwanin zuwa gidan gwaggona a Guider, ko Yaya ya yarda ko bai yarda ba. Daga can me zan yi?