Yau Na Kai Akushin da Kaina

Sabon Gida, daren 25 ga Disamba, 1986

Tun da na bi Yesu, kowace Kirsimeti nakan aika wa yayana Illa tuwo da naman akuya, akushin ya dawo ko buɗewa ba a yi ba. Da safe fasto ya ce Allah bai tsaya ga aike ba, da kansa ya zo. Maganar ta tsaya mini a rai. Na ɗauki akushin na tafi gidansa.

Illa ya dube ni.

"Wa ya yanka akuyar?"

"Malam Idi maƙwabcina, Yaya. Saboda kai."

Ya wanke hannu, ya turo mini ƙwaryar ruwan.

"To, ni ɗai za ni ci?"

Na gode, Ubangiji. Har yanzu hannuna na ƙamshin miyar.